Ingilishi ya zama harshen hukuma a Nijar? Muhawarar zauren ƴan Maradi

Ɗan Unguwar Zariya:
Assalamu alaikum iyaye da yayye na wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce sai na fito da ita a ji ta bakin manya.

Kowa ya san abin da ke cikin kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025: Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. A cikin watan ne kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. To tunda an fara, me zai hana a ƙarasa? Ni a ganina a ajiye Faransancin gaba ɗaya, a ce Ingilishi ne harshen hukuma, da shi za a yi lakwal, wato makarantar boko, da takardun meri, wato ofishin magajin gari, da komai.

Gyaran salula nake yi a kasuwa. Ban da abin da maigidana ya koya mini, sauran duk a YouTube na tsince shi, kuma masu bayani mai amfani kusan duka da Ingilishi suke yi, ko Ba'indiye ne ko ɗan Pakistan. Ina da bak ɗina, wato takardar kammala sakandare, a ajiye. Shekara bakwai na yi ina darasin Ingilishi, daga sizyam har tarminal, wato ajin farko zuwa na ƙarshe na sakandare, amma ranar da na so yin odar kaya daga Sin sai da na biya wani ya rubuta mini saƙo. Daga nan zuwa Katsina bai kai kilomita 100 ba, Yamai kuwa ta haura 600. Ga layin dogo na Kano zuwa Maradi ana aikinsa. Ruwanda ta juya makarantunta zuwa Ingilishi tun 2008. Gabon da Togo sun shiga ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila a 2022, alhali ba Ingila ce ta raine su ba. Mu me muke jira?

Kabu-kabun Mokoyo:
Wa alaikumus salam. Wallahi abokina ka faɗi abin da ke raina. Faransancin nan ina ya kai mu? Ka tsallaka Ɗan Isa ka shiga Najeriya kawai, ya zama kayan nauyi.

Alhaji mai hatsi:
Yaro, sannu da ƙoƙari. Amma bari in tambaye ka, ka taɓa shiga Dawanau? Ni shekara ta hi talatin ina kai wake da aya Kano, ina sawo atamhwa Kantin Kwari. Ban taɓa buƙatar Ingilishi ba ko rana guda. Da Hausa munka yi ciniki, da Hausa munka yi rigima, da Hausa anka sasanta mu. Inyamurin da ni ka saye wa kayan gyaran mota Sabon Gari, Hausa shi ka yi mini. To in don jirgin ƙasa na, wanda za shi hau daga Kano shi sauka Maradi, wane harshe ka ka zato za shi yi a hanya?

Inda na ba ka gaskiya guda na. Na tahi Dubai sau biyu, can kam na ji a jikina. Na'urar lissahi mu ka miƙa wa juna ni da mai kanti kamar kurame. Tahinta ya ci kuɗɗina, kuma ban san mi ya ce musu ba.

Mushe mai ritaya:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka kawo maganar cikin ladabi. Zan ba ka abin da na gani da idona, don ni mushe ne, wato malamin makaranta, shekara talatin da biyu na yi da alli a hannu, mafi yawa a ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji.

Muna yara akwai abin da ake ce wa sambol. Ɗan ƙashi ne ko guntun katako da aka ɗaura wa igiya. Duk yaron da aka ji ya yi Hausa a farfajiyar lakwal sai a rataya masa a wuya, shi kuma ya yi ta kasa kunne ya kama wani ya sauke masa. Wanda abin ya kwana a wuyansa, da safe bulala. An rataya mini. Da na zama mushe kuma, a shekarun farko, ni ma na rataya wa ƴaƴan mutane. Har yau in na tuna ina neman gafarar Ubangiji.

Ka ga yaro ɗan shekara bakwai. A gida ya iya lissafin canjin tallan uwarsa, ya san sunan kowace ciyawa a gonar ubansa, yana ba ƙannensa tatsuniya har su yi barci. Ranar da ya shigo ajin CI, wato ajin farko na firamare, sai ya koma bebe. Shekara biyu, uku, yana maimaita abin da bai san ma'anarsa ba. Wasu su kai CM2, ajin ƙarshe na firamare, ba su iya karanta layi ɗaya su gaya maka abin da ya ƙunsa ba. Uban ya duba ya ga ba riba, ya janye shi zuwa gona, yarinya kuma a yi mata aure. Sai mu taru mu ce talakawa ba sa son boko.

In ka cire Faransanci ka sa Ingilishi, yaron nan bai ma san an yi canji ba. Bebe yake jiya, bebe zai zama gobe. Abin da ya ƙaru kawai, yanzu mushen ma ya shiga sahunsa. Malaman kwantaragi da ke riƙe da azuzuwan karkara, da yawansu Faransancin ma da ƙyar suke jan sa, kuma ba laifinsu ba ne, haka aka yaye su. Su ne za a ce gobe su koyar da lissafi da Ingilishi?

Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da harshen gidansu kafin a shigo masa da Faransanci a hankali. Na yi shekara huɗu a irin wannan aji. Kafin damina ta faɗi, yaran da suka shigo a watan Oktoba suna karanta wasiƙa, suna ɗaga hannu suna yi mini gardama. Ban taɓa jin daɗin koyarwa kamar lokacin ba. Abin da ke ƙona mini rai, shekara hamsin ke nan da ɗoriya abin bai game ƙasa ba.

Ɗan Unguwar Zariya:
Baba Mushe, na ji, kuma jikina ya yi sanyi. Amma Baba, ai Ruwanda ma malamansu Faransanci suka iya lokacin da aka juya. Ba su ce sai sun shirya ba, sun faɗa ruwan ne suka koyi iyo. Yau ga su ana misali da su.

Ɗalibar jami'ar Ɗan Dikko:
Yaya, a yi hattara da misalin Ruwanda. Da farko dai kusan duk ɗan Ruwanda harshe ɗaya yake yi a gida, Kinyaruwanda, kuma harshen hukuma ne. Na biyu, ba su jefar da Faransanci ba, har yau yana cikin harsunan hukumarsu, sun ma ƙara Suwahili a 2017. Matar da ta karɓi jagorancin ƙungiyar masu Faransanci a 2019, Luwiz Mushikiwabo, ƴar Ruwanda ce. Na uku, yawancin waɗanda suka karɓi mulki a 1994 a Yuganda suka tashi, da Ingilishinsu suka dawo. Duk da haka juyin ya ba malamai wuya sosai, sai da aka riƙa ɗauko masu horar da su daga maƙwabta.

Amma kada a ce ina gaba da Ingilishi. Ni fannin noma nake karanta. Duk lokacin da na nemi sabon bincike a kan tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi ko ƙwaron wake, abin da zan samu da Faransanci kaɗan ne, sauran duk Ingilishi. Malamanmu ma da Ingilishi suke fitar da bincikensu in suna so a karanta a waje. Ina buƙatarsa kamar yadda kake buƙatarsa. Sai dai buƙatata daban, abin da za a rubuta takardar haihuwar ƙanena da shi daban.

Bakatsine daga Jibiya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni baƙo ne a zauren nan, matata 'yar Tibiri ce shi ya sa aka sa ni. Ku ba ni dama in ce wani abu, tunda abin da kuke sha'awa mu a cikinsa aka haife mu.

Fiye da shekara ɗari Turancin Ingilishi na ƙasarmu. Ku zo Jibiya ko Batsari ku tsaya a bakin kasuwa ku ƙirga mutum nawa za su iya karanta takardar kotu. Yaro zai ci lissafi, ya ci kimiyya, amma in bai samu kiredit a Ingilishi ba, ƙofar jami'a ta rufe. Ina da ƙane da ya zauna jarrabawar sau uku saboda wannan darasi ɗaya, daga baya ya haƙura ya koma sayar da fetur a galan. Yaron da ke kwance injin ban-ruwa ya mayar da shi ba tare da ya rage ƙusa ɗaya ba.

Tsarin mulkinmu na 1999, sashe na 55, ya ce majalisar tarayya za ta yi aiki da Ingilishi, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin hakan. Har yau ana jiran tanadin. Sannan ku tuna a 1996 Janar Abacha ya ce Faransanci ya zama harshen hukuma na biyu a Najeriya. An faɗa, an rubuta. Ku nemo mini ɗan sanda ɗaya a hanyar Katsina da zai amsa muku gaisuwa da Faransanci saboda wannan sanarwa. Harshe ba ya shiga bakin mutane don an sa hannu a takarda.

Mu da muke nan, ranar da muka ji an ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, wallahi har ƙwalla wasu suka yi.

Kabu-kabun Mokoyo:
To amma ai ku ga shi kuna da Dangote, kuna da masana'antu. Mu me muke da shi? Duk masu kare Faransancin nan ƴan koren Faransa ne, su suka ci moriyarsa shi ya sa ba sa so a taɓa.

Mai kula da zaure:
Malam, a janye wannan kalma. Babu wanda ya kare Faransa a nan, kuma akwai sa'o'in mahaifinka a zauren. A yi muhawara, ban da jifa.

Mushe mai ritaya:
Ku bar shi, yaro ne, kuma zafin da yake ji na gane shi. Ɗana, ni Faransanci ya ba ni albashi, gaskiya ne. Shi ya sa na san iyakarsa. Ka san a nan Yamai aka kafa tushen ƙungiyar da muka fita daga cikinta, ranar 20 ga Maris 1970, Diori Hamani na cikin waɗanda suka tsaya mata? Mun fi kowa riƙe harshen nan da hannu biyu. Shekara sittin da biyar yana harshen hukuma, amma je ka kasuwar Tasawa ko ta Sabon Mashi ka ji da me ake ciniki. Abin da nake tsoro shi ne mu sake ba wani baƙon harshe wasu shekaru sittin, jikokinku su zo su zauna su yi irin wannan zance.

Kabu-kabun Mokoyo:
Baba a yi haƙuri, na janye. Raina ne a ɓace.

Hajiya sajfam:
Tun ɗazu nake karantawa, sai yanzu na samu sarari. Ku maza kuna ta zancen Dubai da Ruwanda, bari in dawo da ku ɗakin awo, tunda ni sajfam ce, wato ungozomar likita.

Wata rana wata yarinya ta zo mini da jaririnta jikinsa ya saki, ko nono ba ya iya kamawa. An rubuta mata ardinas, wato takardar sayen magani, da Faransanci, ta je ta sayi siro, maganin ruwa na yara, takardar cikin kwalin kuma da Ingilishi take don daga Najeriya maganin ya shigo. Wanda ya sayar mata ya ce sau uku a rana, bai ce mata nawa ba. Ita kuma ta ga yaro na zafi, ta riƙa cika babban cokali. Allah ya sa an kawo shi da wuri, ya rayu. Da na zauna da ita na ce me ya sa ba ki tambaya ba, sai ta ce, "Inna, na ga takardu har biyu, na ɗauka ni ce ban da ilimi." Wannan magana ta kwana biyu tana yi mini yawo a kai. Harsuna biyu na manyan duniya a hannunta, ga ɗanta yana neman mutuwa a tsakaninsu.

Ni na yarda a koya wa ma'aikatan lafiya Ingilishi da gaske, don magungunan da ke shigo mana daga Najeriya da Indiya da shi suke zuwa, kuma mu kanmu wani lokaci lalube muke yi. Amma abin da za a miƙa wa uwa a hannu, a rubuta shi da harshen da take mafarki da shi. Ko ba ta iya karatu ba, akwai ɗan makarantar allo ko ɗan lakwal a gidan da zai karanta mata ta gane. In da Ingilishi ne, wa zai karanta?

Haka a gidan shari'a. Na taɓa raka wata ƙanwata kan maganar gado. Alƙali Bahaushe, mu Hausawa, abokan shari'a Hausawa, amma ga tafinta a tsakiya, kuma hukuncin da aka ba mu a takarda sai da muka nemi wanda zai fassara mana.

Jikan Arɗo, Bermo:
Inna Hajiya, Allah ya saka da alheri. Amma ina so zauren nan ya saurare ni da kyau, don tun da aka fara kowa na cewa "harshenmu, harshenmu" kamar duk jihar Maradi gida ɗaya ne.

Ni Bafillace ne. Da Fulatanci mahaifiyata ta yi mini rarrashi. Hausa a kasuwar Dakoro na koye ta, kuma ina son ta, da ita nake rubutu yanzu. Amma ɗana da ke rugga, in ka sa shi aji ka fara masa da Hausa, shi ma beben da Baba Mushe ya faɗa zai zama, sai dai nasa ba zai daɗe kamar na Faransanci ba. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda goma: Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek, Barbarci, Tubanci, Larabci, Gurmanci, Budumanci da Tasawak. Yanzu ɗaya ya zama harshen ƙasa, tara sun zama harsunan da ake magana da su. Ku da abin ya yi wa daɗi ba za ku ji yadda wannan ya sauka a kunnen wani ba. Ina da abokai Zabarmawa da Buzaye, na ji abin da suke cewa in babu Bahaushe a wurin.

Shi ya sa maganar ɗan uwana mai gyaran salula ba ta ba ni haushi ba. Baƙon harshe yana da abu ɗaya: ba na kowa ba ne, kowa da wahala yake samunsa. Ina tsoron ranar da za a ce sai wanda ya iya rubuta Hausa zai ci jarrabawar shiga aikin gwamnati, ɗan Maradi ya shiga da harshen uwarsa, ɗan Bermo ko ɗan Tera ya shiga da na aro.

Ɗan Unguwar Zariya:
Yauwa! Yaya ka taimake ni. Wannan ma hujja ce. Ingilishi zai raba gardama, babu wanda zai ce an fifita wani.

Ɗalibar jami'ar Ɗan Dikko:
Ba ya raba gardama Yaya, sauya mata wuri yake yi. Dubi Kamaru. Rikicin da ya ɓarke a 2016 a yankin Bamenda da Buya, da yajin aikin lauyoyi da malaman makaranta ya fara, a kan an turo musu alƙalai da malamai masu Faransanci. Harsunan Turawa biyu ne, babu na kakan kowa a ciki, amma an zubar da jini.

Kuma cewa kowa da wahala yake samunsa, a nan ban yarda da Kawu na Bermo ba. Ɗan mai kuɗi ba da wahala yake samu ba. Yau a ce Ingilishi ne harshen hukuma, masu hali za su kwashi ƴaƴansu zuwa Kano da Akara, ko su biya makarantun kuɗi. Ga jami'ar Maryam Abacha nan cikin garin nan tun 2013 ana karatu da Ingilishi, mai iya biya ya san hanya. Cikin shekara goma su ne za su riƙe kowane ofis. Ɗan rugga da ɗan ƙauyen Mayahi su tashi a tutar babu, su biyun.

Amma tsoron da ya faɗa gaskiya ne, kuma mu Hausawa bai kamata mu yi kamar ba mu ji ba. In an ce yaro ya fara karatu da harshen uwa, to uwar ɗan Bermo Fulatanci take yi. Makarantun gwajin da Baba Mushe ya ambata ai ba da Hausa kaɗai aka yi su ba, an yi da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci.

Jikan Arɗo, Bermo:
Ƙanwata, in haka za a yi, ba ni da ja. Amma a rubuta shi a doka, a buga littattafan, a ɗauki malaman. Alkawarin baki mun sha shi.

Malamin Limanci:
Assalamu alaikum. Kullum in ana wannan zance sai a yi kamar ranar da Bature ya zo muka fara ganin alƙalami. Kafin a gina lakwal ta farko a ƙasar nan, sarakunan Maradi da Gobir da Damagaram suna aika wa juna wasiƙu da Larabci, malamai na rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami. Har yau akwai ajami a jikin manyan takardun naira, kuma dattijon da ake kira jahili a ofis da shi yake gane ta ɗari biyar da ta dubu. A cikin garin nan akwai mutane da yawa da ke riƙe da lissafin bashin shagonsu da ajami. Da za a riƙa buga sanarwar rigakafi ko ta rabon taki da boko da ajami gefe da gefe, da an sha mamakin yawan masu karatu a ƙasar nan. Ingilishi kuwa a koya, neman ilimi ne, ban ga aibinsa ba. Ɗana na biyu ma yana koyo.

Ɗan Maradi a Kumasi:
Gaisuwa daga zango. Shekara goma sha ɗaya ina Gana. Ingilishin da nake ci da shi a nan, a bakin titi na koye shi cikin shekara guda, don ina da buƙata. Wanda na yi a kwalej shekara huɗu kuwa ban fito da komai ba sai jerin fi'ilai da muka haddace don jarrabawa. Ƙanena mai salula, matsalarka ba sunan da kundi ya ba Ingilishi ba ce. Ai kundin ya riga ya sa shi cikin harsunan aiki, kafaɗa da kafaɗa da Faransanci. Matsalar ita ce aji mai yara fiye da yadda malami zai iya sanin sunayensu, babu littafi, babu ranar da za a ce ka buɗe baki ka yi magana. A gyara wannan mana. Najeriya da Gana cike suke da malaman Ingilishi, da yawansu ma Hausawa ne da za su iya yi wa yaro bayani.

Kuma ku sani, a nan Kumasi da Akara Hausa ce ke haɗa Dagomba da Mosi da Zabarma da Bafillace a zango. Harshen da wasunmu ke rainawa a gida, a nan jari ne.

Alhaji mai hatsi:
Wanga yaro ya hwaɗi gaskiya. Ni abin da ni ka so, takardar dwan, wato kwastan, ta zo da Hausa in karanta da kaina in san mi anka caje ni. Ɗiyana kuwa a koya musu Ingilishin da za su tahi Dubai ba tahinta. In an buɗe ajin dare na ƙwarai cikin garin ga, ni ka biyan na mutum biyar cikin yaran shagona.

Ɗalibar jami'ar Ɗan Dikko:
Baba Alhaji, kafin takardar dwan ta zo da Hausa akwai aiki a gabanmu, kuma ba na jin daɗin yadda muke tsallake shi. Mu nan da yawa ba mu iya rubuta Hausar ba. Dubi allunan hanya: Guidan Roumdji, Tchadoua, Madarounfa. Dubi saƙonninmu na waya, wani ya rubuta "tchikin", wani "cikin", wani "sanou". Mu muna rubuta ƴ, su Kawu na Jibiya suna rubuta 'y. Sannan kalmomin aiki: me za mu kira kowane sashe na dokar haraji, ko sassan jini a takardar awo? Ba gagara ba ne, gidajen rediyo na duniya sun fi shekara sittin suna labarai da Hausa, BBC tun 1957, kuma jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato suna ba da digiri har na dokta a Hausa. Amma sai an zauna an yi, an biya masu yi. Tanzaniya ba da sanarwa kaɗai ta kai Suwahili majalisa da firamare ba, hukuma ta kafa ta tsara kalmomi.

Ɗan Unguwar Zariya:
Na karanta duka, wasu sau biyu. Maganar Inna Hajiya ta jaririn nan ta tsaya mini. Na sauka daga cewa a yi takardun meri da na likita da Ingilishi. Amma ban sauka daga ɗayar ba: in dai dole sai an riƙe baƙon harshe ɗaya daga kwalej zuwa jami'a, ni har gobe Ingilishi zan zaɓa a kan Faransanci, kuma ina so a sa rana a fara shiri, ko shekara goma sha biyar ce. Baba Mushe, a nan me ka ce?

Mushe mai ritaya:
A nan ba ni da gardama mai ƙarfi, ɗana. Sai dai ka tuna Mali da Burkina da Cadi da Benin maƙwabtanmu ne su ma, kuma duk dokokinmu da takardun filayenmu tun daga 1960 da Faransanci suke. Wanda zai karanta su dole a ci gaba da yaye shi. A fara da horar da malamai, a ga ƙarfinmu. Ni dai a bar mini shekaru ukun farko na yaro, kada a taɓa su.

Hajiya sajfam:
To kafin gwamnati ta sa rana, ni ina da buƙata yau. Ina so in buga ƴar takarda da zan riƙa liƙa wa kwalbar siro. Ƴata ta jami'a, ki gyara mini rubutun. Ɗana na Bermo, ka juya mini da Fulatanci, don matan rugga na zuwa mana sosai. Malam kuma a taimaka da ajami. Abu uku nake so ta ce: nawa za a ba yaro, sau nawa a rana, da alamomin da in an gani a dawo da shi likita ko tsakar dare ne.

Jikan Arɗo, Bermo:
An gama Inna. Amma ki ba ni zuwa ranar kasuwa, ina so in tambayi mahaifiyata yadda mata ke faɗin "jikinsa ya saki", kada in rubuta abin da ba haka suke cewa ba.

Ɗalibar jami'ar Ɗan Dikko:
Inna ga na farko: "A ba yaro ƙaramin cokali ɗaya, safe da rana da dare." Ya yi?

Hajiya sajfam:
A'a ƴata, cire cokali. Cokulan gidaje ba girmansu ɗaya ba, abin da ya kusa kashe wancan jaririn ke nan. Ki rubuta murfin awo da ya zo da kwalbar, ki bar fili inda zan sa alama da biro a kan layin da ya dace da nauyin yaron. Yau ina da aikin dare, gobe bayan azahar zan duba abin da kuka turo.